Wa Hidaya Ta Ɗauko

A Magariya, idan ka tambayi inda ake wankin hula, ba shago za a nuna maka ba. Za a ce ka bi layin tasha, ka tsaya gindin tsamiya, ka yi sallama. Wanda zai amsa maka shi ne Maina, dattijo siriri mai dogon wuya, wanda zai karɓi hularka ya shafa ta da yatsu ya gaya maka garin da aka ɗinka ta, har ya ƙara maka da cewa mai ita ba ya wanke kai sosai. Maina ba ya gani. Amma kada ka kuskura ka nuna masa tausayi, don bakinsa ya fi sabulunsa kaifi, kuma ba ya tsoron rasa mai kawo aiki.

A wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo aka haife shi, gidan manoman gero. Tun yana ƙarami aka gane shi da hauya ba sa jituwa, sai uban ya gaji ya tura shi Damagaram wajen wani kawunsa mai ɗinkin hula. Can ya samu abin da aka halicce shi dominsa. Maina mutumin ido ne. Ba ya yarda a ce abu ja ne a yi shiru, sai ya tambaya jan barkono ne ko jan goro ko na bakin tukunya. Ya dawo Magariya da allura da zare, ya auri Fadi, suka yi ta haihuwa ana komawa, har Allah ya bar musu guda ɗaya, Nazifa.

Makantar ba rana ɗaya ta zo ba. Daga gefe ta fara, tana matsowa tsakiya, da ciwon kai mai nauyi. Maina ya ɓoye ta fiye da shekara. Ya riƙa zubar da shayi yana zargin kofi, yana tuntuɓe yana zagin wanda ya ajiye turmi a hanya, yana gaida mutane da murya mai ƙarfi don su amsa ya gane su. Lokacin da Fadi ta tilasta masa zuwa asibiti a Damagaram, likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu. A ɗakin da aka kwantar da shi akwai tsofaffi masu yanar ido, ana yi musu aiki, a buɗe musu bandeji su tashi suna hamdala suna nuna taga. Shi kuwa yadda ya shiga haka ya fito. Bai taɓa manta wannan ba, kuma bai taɓa cewa ya ji daɗin hamdalarsu ba. Fuskar Nazifa ta ƙarshe da ya gani, ta yarinya ce mai giɓi a baki. Ya ajiye allura, ya koma wankin hula, aikin da hannu ya isa ya yi.

Nazifa ta girma, ta yi lakwal, wato karatun boko, ta auri Mas'udu, makanike, suka tare a Agadas inda yake aiki a garaji. Uban Mas'udu shi ne Malam Zakariya'u, mai sayen gyaɗa, mutumin Mallawa da ya daɗe a Magariya, kuma abokin zaman Maina a fadar gindin tsamiya inda ake dafa shayi da hantsi. Ƙato ne, mai tabarau da dariya mai cika layi, jikokinsa kuwa har ya kan manta sunan wasu. Kafin auren nan babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu sai gardamar damina.

Da haihuwa ta matso, likita ya hana Nazifa doguwar tafiya, don haka ba ta zo gida goyon ciki ba. Fadi ce ta hau kar, babbar motar fasinja, ta tafi yi mata wankan jego. Aka samu mace, aka sa mata Hidaya. Jikar Maina ta fari, kuma ita kaɗai. Da Fadi ta dawo ya zaunar da ita ya ce ta faɗa masa yadda yarinyar take. Fadi ta ce tubarkalla, kyakkyawa ce. Ya ce ya ji, sai me. Ta ce jariri ai duk ɗaya ne. Ranar bai ci tuwonta ba.

To, akwai zauren dangi a Wasap, wanda ya haɗa gidajen biyu. Mas'udu ya aiko wa surukinsa salula irin wadda ke magana idan an shafa ta, Maina kuma ya koye ta da sauri, ya iya sauraron saƙon murya ya iya mayarwa. Amma idan hoto ya shigo, muryar matar da ke cikin salular sai ta faɗi kalma ɗaya tak da Faransanci, wai hoto, ta yi shiru. Daga nan sai saƙonni su yi ta zubowa, wannan ya ce masha Allah, waccan ta ce dubi kumatu, wani ya yi dariya. Maina na zaune da waya a kunne, ana ta biki a kan jikarsa, shi kaɗai aka bari a ƙofa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Zakariya'u. Kowa ya san wasan kaka da jika, jika mace matar kakanta ce. To ga mata ɗaya, ga mazaje biyu, ɗaya da ido. Kullum da hantsi Zakariya'u zai zo ya baje a tabarma, ya ciro waya, ya gyara tabarau, ya ce bari ya gaisa da amaryarsa. Sai ya shiga yabonta yana cewa shi ta ɗauko, kamar an tsaga kara. Ƴan fada su yi dariya. Maina ya kan ce matarsa ce kafin ta zama ta kowa, shi ma ya yi dariya, amma yadda yake murza hular da ke hannunsa, da mai ita ya gani da ya karɓe abarsa. Kishi yake yi, kishi na gaske, irin wanda ke hana abinci wucewa. Mutum da jikoki cike da gida, ya rasa wadda zai riƙe sai ɗayar da Allah ya ba makaho.

Wata rana haƙuri ya ƙare. Ya danna waya ya aika murya cikin zauren: "Salamu alaikum. Tambaya gare ni. Ni ma ina cikin zauren nan, ko an fitar da ni ban sani ba? Duk wanda ya saka hoto ya yi shiru, ya sani bai aiko mini komai ba."

Zauren ya yi tsit har la'asar. Kowa ya san da wa ake, kuma kowa ya san abin da ya ɗaure bakin Nazifa. Hidaya ƴar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yabonta, balle a gaban ubanta da ya haife ta. Hoto ya zo mata da sauƙi, ta nuna ba tare da ta buɗe baki ba. Yanzu ga uban yana cewa sai ta faɗa.

Ta fara da rubutu. Wata maƙwabciyarta malama, mai koyar da yara makafi, ta nuna mata cewa idan aka rubuta bayani a ƙarƙashin hoto, salular za ta karanta wa mai ita. Salular ta karanta kuwa, amma Hausa da harshen Faransanci, Maina ya ce ya ɗauka wani ne ke kurkure baki. Dole Nazifa ta koma murya. Saƙonta na farko gajere ne: domin Baba, ga yarinyar zaune a tabarma, ta sa jar riga.

Maina ya mayar nan take, ja wane iri. Daga ranar ya zama malaminta. Ya ce ta fara da wurin da ake, tsakar gida ne ko ɗaki, rana ko inuwa. Sannan ta faɗi wanda ke hannun dama, da abin da ke hannun kowa. Kada ta ce abu na da kyau, wannan hukunci nasa ne, ita dai ta faɗi abin da ke nan. Nazifa ta samu mafita kuma, ta daina cewa yarinyar, ta koma cewa matarka. Da wannan sunan bakinta ya saki. Sannu a hankali abin ya bi dangi. Wanda ya ɗauki hoton gonarsa da ruwa ya kwanta a Mallawa sai ya bi shi da murya, mai hoton suna ma haka, har tsofaffin matan da ba sa karatu suka ce yanzu ne zauren ya yi daɗi. Sai dai Nazifa ta kan faɗi riga da ƴan kunne da tabarma da kazar da ta gifta, ba ta taɓa kai bakinta kan fuskar ba. Nan kunya ta tsayar da ita.

Za ka ce Maina ya samu abin da yake so ya huta. Ina. Sai ya lura Zakariya'u ma ya ƙaru. Da can yabonsa bai wuce kamar an tsaga kara ba, yanzu har cewa yake a dubi rigar nan ruwan goro, a dubi yadda ta riƙe ludayi da hagu. Kalmomin Nazifa ne sak, waɗanda Maina ya sha wahala kafin ya koya mata. Wato mutumin nan ya ci rabon ido, ya kuma miƙo hannu cikin rabon kunne. Maina ya kira ƴarsa ya ce daga yau hoto ya tafi zaure, bayani kuwa ta aiko masa shi kaɗai. Fadi ta ce wannan ƙyashi ne, kuma bai dace da furfurarsa ba. Ya ce ya ji, ƙyashin ne. Nazifa kam daɗi ta ji, don magana a gaban surukai ta ishe ta.

Haka aka yi. Maina ya riƙa sauraron saƙonsa a cikin gida kafin ya fito, ya zo ya zauna yana murmushi shi kaɗai. Zakariya'u ya ci gaba da ciro waya, amma yabon ya koma gajere. Ya kan tambaya, kamar da wasa, ko rezon waya ne ya lalace, don kwana biyu ba ya jin muryar surukarsa. Maina ya ce shi ma haka ya gani, bai ko ji kunyar kalmar ba.

Ranar wata kasuwa, fada ta watse da wuri, ya rage su biyu. Da safen nan Nazifa ta aiko hoto, ta kuma gaya wa ubanta cewa takalman farko ne da aka saya wa matarsa, ƴan ƙanana, shuɗin bula, an ajiye su a kan tabarma, babu kowa a hoton. Zakariya'u ya ciro waya ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariyar nan tasa.

"Dubi idanun nan, Maina. Wallahi nawa ne."

Maina ya buɗe baki, ya rufe. Abin da ya fara ji daɗi ne, ba sai an ɓoye ba, daɗi mai zafi har cikin ƙashi. Ya samu abin da zai kashe bakin ƙaton nan da shi a gaban ƴan fada har abada. Amma da ya yi shiru sai kunnensa ya fara kawo masa abubuwan da ya daɗe yana ji bai kula ba. Yadda Zakariya'u ke jan ƙafa idan ya zo bakin tabarma. Yadda hannunsa ke lalube a tire kafin ya samu kofi. Yadda ya koma gaida mutane da ƙarfi tun daga nesa. Maina ya san wannan hanya, don shi ya riga shi binta. Ashe duk watannin nan mutumin ba gani yake ba, sauraro yake, kuma Maina ne ya toshe masa ƙofar.

Ya tattara hulunansa ya tashi. A gida ya tambayi Fadi yadda idon Malam Zakariya'u yake a bayan tabarau. Ta ce ta daɗe da lura da wani fari-fari a tsakiyar ƙwayar, ta ɗauka tsufa ne. Maina ya gane. Yanar ido ce, irin ta tsofaffin nan na asibitin Damagaram, wadda ake cirewa mutum ya tashi yana nuna taga.

Sai wani tunani ya zo masa, wanda ya sa shi zama daram. In dai Zakariya'u bai taɓa ganin yarinyar da kyau ba, to duk kamar an tsaga karan nan cika baki ne. Wataƙila ma shi Maina ta ɗauko. Ya aika wa Nazifa cewa yau ba riga yake tambaya ba, fuska yake so, ta ajiye kunya ta gaya masa gaskiya. Amsar ba ta zo ba sai washegari, kuma a hankali take magana, kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce goshin faɗi ne da shi, hancin gajere, kunnuwan sun ɗan buɗe, idan ta yi dariya ido ɗaya ya fi ɗaya rufewa. Sannan ta ce: "Ka yi haƙuri, Baba. Baba na Mallawa ne gaba ɗaya."

Maina ya saurari saƙon har ya haddace, yana neman inda za a ce wuya ko haɓa ko gira irin nasa ne, bai samu ba. Ya ji haushin Nazifa da ta faɗi gaskiyar da shi ya koya mata faɗa. Yanzu abu biyu ke hannunsa, kuma duk na Zakariya'u ne: labarin fuskar, da labarin maganin idonsa. Idan ya yi shiru, za su zauna daidai, makafi biyu a gindin tsamiya, shi ne ma babba don shi ake aiko wa bayani. Idan ya yi magana, ƙaton nan zai je a buɗe masa ido ya dawo ya ga fuskarsa a jikin jikar Maina guda ɗaya. Ya ɗauki kwanaki yana juya abin, ya ɓata hular wani ɗan kasuwa da bula, ya yi wa Fadi faɗa a kan gishiri. Zakariya'u kuwa ya daina ciro waya sam, ya kan zo ya zauna ya sha shayi ya tafi, dariyar ma ta ragu.

Abin da ya karya Maina ƙaramin abu ne. Wata safiya Zakariya'u ya zubar da shayi a kan riga, sai ya ce kofunan yanzu ba su da gindi. Maina ya ji maganarsa ta shekarun baya ta fito daga bakin wani. Ya jira sauran suka tashi, ya ciro salula.

"Matso, Malam. Hoton ranar kasuwa, takalma ne. Ba kowa a ciki."

Zakariya'u bai yi musu ba. Can ya ce kamar hayaƙi ne ya cika masa duniya, kuma ya ji tsoron faɗa wa ƴaƴansa kada su karɓe masa harkar gyaɗa su zaunar da shi. Maina ya ce ya daina wauta, nasa irin wanda ake cirewa ne, ya hau mota ya tafi Damagaram tun kafin ya tsufa a idon. Ya faɗi haka da faɗa, kamar mai korar akuya daga shanya. Sannan ya danna saƙon Nazifa ya kara masa a kunne. Zakariya'u ya saurara, ya ce a sake. Maina ya sake, yana jin kowace kalma na cizonsa.

Bayan kaka aka yi aikin, ido ɗaya tukuna. Ranar da Zakariya'u ya dawo fada, tun daga bakin layi Maina ya ji takun ya canza, ba jan ƙafa, kuma zuciyarsa ta yi masa nauyi yadda ta yi a ɗakin asibiti. Ya yi masa barka, bakinsa na ɗaci. Zakariya'u ya zauna kusa da shi, ya ciro waya, ya buɗe hoton da ya shigo da safe. Wannan karon bai yi dariya ba, ya daɗe yana kallo.

"To, mai ido, faɗa mini," in ji Maina. "Kuma in ka ce kyakkyawa ce, tashi ka ba ni wuri."

Zakariya'u ya fara, yana tuntuɓe kamar sabon ɗalibi. Tsakar gida ne, akwai inuwa. Tana tsaye, ta dafa bokiti. Rigar koriya ce, Maina ya ce kore wane iri, ya ce irin ganyen yakuwa. Ya bi fuskar da sauri, bai tsaya cika baki ba. Sai ya ce a hannun dama tana riƙe da wani zare da ta tsinta, ta kama shi da yatsu biyu ta ɗaga sama tana duba.

"Yatsun nan, Maina, dogaye ne sirara. Duk gidanmu babu mai irinsu."

Maina ya ce ƙarya yake. Zakariya'u ya ce to ya tambayi ƴarsa mana, ga waya a hannunsa.

Maina mutum ne da ba ya barin magana ba tare da ya bi diddiginta ba, ko launin kaza aka faɗa masa sai ya tabbatar. Ya riƙe salular, yatsansa na kan inda ake dannawa. Sannan ya mayar da ita aljihu, ya jawo hular da ke jiƙe a kwano ya ci gaba da aiki. Ya ce wa Nazifa ta mayar da bayani cikin zaure, ta kuma mayar. Tana aiko masa riga da takalmi da fuska, yana tambayar komai kamar yadda ya saba, yana kuma jin haushin Zakariya'u kullum da hantsi. Maganar yatsu ce kaɗai har yau bai tambaye ta ba.